Garin Tuwon da Ya Zubo daga Sama

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo da hatsi. Ina da sito biyu a Birnin Kudu, kuma duk ranar kasuwar Sara tun hantsi ina can. Abu na farko da na koya a wannan harka shi ne kada ka yarda da bakin buhu, domin mai kaya yakan ɗora mai kyau a sama. Ƙarfen da muke soka buhu da shi mu ga abin da ke ciki, ni a gindin buhu nake soka nawa. Da wannan aka san ni, da kuma cewa idan na ga yashi a kaya a gaban kowa nake faɗa, ko da mai kayan surukina ne. Na fara da wannan ne don a gane irin tsaka mai wuyar da wani katun, fim ɗin zane na yara, ya jefa ni a ciki bara, katun ɗin da rabona da shi tun ina ɗan shekara tara ko goma.

A Sara aka haife ni, a ƙasar Gwaram. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da Yaya, kuma ya ba ni shekara goma sha huɗu. Baba ya rasu ban yi wayo ba, saboda haka Yaya na sani a matsayin uba. Yana saurayi ya tafi Legas, ya yi shekara huɗu yana dako a bakin teku inda ake sauke kayan jiragen ruwa. Da ya dawo bai zo da keke ko rediyo ba kamar sauran 'yan cirani. Ya zo da talabijin mai kala, da injin bidiyo, da ƙaramin janareta mai tari da hayaƙi, da kaset bakwai a cikin akwatin ƙarfe. Shida na faɗa ne, na masu tsalle suna dukan juna da ƙafa. Na bakwai katun ne, ba shi da kwali, ko rubutu babu a jikinsa.

Zauren gidanmu ya mayar gidan kallo. Ranar kasuwa manya ke shiga su kalli na faɗa. Mu yara namu Alhamis ne da Juma'a da rana, ranakun da babu makarantar allo. Sai a toshe taga da tsofaffin buhuna, a saki tabarma a ƙofa, mu zauna a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, zufa na zuba, janareta na ta fama a bayan katanga. Mai sule ya bayar, wanda ba shi da shi ya zo da gwangwanin gyaɗa, wanda ba shi da ko ɗaya kuma Yaya yakan yi kamar bai ga shigarsa ba.

Mutanen cikin katun ɗin ba Turanci suke yi ba. Hedimastan firamare ya zo ya kasa kunne ya ce ba shi ba ne, wani malami da ya ji daga waje ya ce ba Larabci ba ne. Yaya ya ce yaren mutanen jirgin ruwa ne, kuma shi a bakin teku ya koya. Babu wanda ya yi musu, don babu wanda ya taɓa ganin teku. Sai ya kifa turmi kusa da talabijin ya zauna, ya riƙe karan dawa yana nuni, yana fassara mana. Murya uku gare shi: ta yaro, ta tsoho, da ta tsuntsu wadda yake yi ta hanci.

Labarin, yadda ya ba mu shi, na wani ƙauye ne a gindin dutse, mai ɗakuna masu tsinin kai. A kan dutsen akwai wani tsoho mai gemu har cibiya, yana gadin wata ƙatuwar randa mai murfin ƙarfe. Yaya ya ce tsohon nan mugun ɗan kasuwa ne, ya tattara abincin ƙauyen kaf ya zuba a randa yana jiran tsada. Akwai kuma wani yaro mai jar hula, da wani dogon tsuntsu da ke ɗaukarsa a baya. Tsuntsun fari ne fat, amma Yaya ya ce shamuwa ce, a ƙasarsu haka launinta yake, kuma kowa ya san inda shamuwa ta sauka alheri na biye. Yaron ya kama hanyar dutse, ya ƙetare wani kogi mai magana, ya yi wa wasu duwatsu masu idanu wayo, ya tarar da tsoho yana barci, ya ɗaga murfin randa. Sai wani farin abu ya tashi sama kamar hayaƙi, ya bazu, ya fara zubowa a kan ƙauyen a hankali, ba ƙara. Ya rufe rufin ɗakuna, ya rufe hanya, ya rufe bishiyoyi. Mutane suka fito suna ɗaga hannu sama, sannan suka ruga cikin gidaje.

"Garin tuwo ne," in ji Yaya, yana buga kara a jikin talabijin. "Na farar dawa, tankaɗaɗɗe. Kun ga sun ruga? Ƙwarya suka tafi ɗaukowa."

Daga nan sai hoto ya ɗauke, talabijin ta koma shuu. Yaya ya ce iyakar kaset ɗin ke nan, ruwan gishiri ya ci sauran tun a jirgi. Ƙarshen da baki yake ba mu: kowa ya cika rumbunsa, aka naɗa yaro sarkin noma, tsoho kuma baƙin ciki ya kashe shi a gindin randarsa.

Ya kamata in faɗi irin shekarar da ake ciki. Ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ido ba, abin da aka girbe ko tsakiyar rani bai kai mu ba. A gidanmu sau ɗaya ake ɗora tukunya, da rana sai kwaɗon rama ko na zogale, wani lokaci ko ƙuli-ƙuli babu. Na san gidajen da dusa suke tuƙawa. To ka tara yara talatin masu irin wannan ciki ka nuna musu garin tuwo yana zubowa daga sama. Na kalli katun ɗin nan ya fi sau ashirin, kuma duk lokacin da murfin ya ɗagu sai zaure ya kaure da ihu kamar ba mu san abin da zai faru ba. Akwai wani abokina, yanzu tela ne a Sara, shi har baki yake buɗewa ya ɗaga kai sama. Muna yi masa dariya, alhali kowa yawu yake haɗiya.

Bayan shekara biyu ko uku injin ya mutu, kaset ya bi hannun masu aro, Yaya ya koma gona. Ni kuma na fara da tallan gyaɗa a tasha, na koma awo a kasuwa, har na kai inda nake yau. Ba zan ce katun ne ya yi ni ba, wahala ce ta yi ni da sammako. Amma abu ɗaya na ɗauko daga zauren nan. Mu 'yan hatsi ajiya ce ribarmu, ka saya da kaka ka sayar idan kaya ya yi daraja, kuma ban ga laifin hakan ba. Sai dai ni duk shekara, ranar da na ga shamuwa ta sauka a kan kukar da ke bayan sitona, washegari nake buɗewa in fitar da gero da dawa, ko da kowa na cewa in ƙara wata guda. Abokan sana'a sun sha ce mini wauta ce. Ban taɓa gaya musu cewa tsoho mai gemu nake gudun zama ba.

Na girma, na yi tafiye-tafiye, na ga dusar ƙanƙara a talabijin ba adadi. Amma ban taɓa haɗa ta da abin da na gani a zaurenmu ba. Wancan garin tuwo ne, haka yake a ajiye a kaina, kuma shi kaɗai ne buhun da ban taɓa tunanin sokawa ba.

Shekara uku da suka wuce Yaya ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi wata guda a asibiti. Magana ta dawo amma da nauyi, bakin ya ɗan karkace, ƙafar kuma ta saki har yana takawa da sanda. Zuciyar ce ba ta saki ba. Mutumin da idan yana majalisa ba a jin muryar kowa, sai ga shi ya daina fita gindin dalbejiya inda suke hira. Yana zaune a zaure, jikoki su shigo gaisuwa ya amsa da ka. Matarsa ta gaya mini wata rana ƙaramin jikansa ya kwaikwayi maganarsa, ba da mugunta ba, tun daga ranar ya ƙara rufe baki. Bara da na zauna da shi na ce ya riƙa fita ko don ƙafar, sai ya ce, "Auta, mai baki ya gama nasa. Yanzu ni buhu ne a gidan nan, a jingine ni kawai."

Ni ban iya lallashi ba. Abin da na iya shi ne in ga kaya ya kwanta in nemo masa kasuwa. A hanyar komawa Birnin Kudu na tuna turmi da karan dawa. Na ce a raina, idan aka samo katun ɗin nan aka tara masa jikoki, dole ya buɗe baki, tunda babu mai fassara sai shi.

Babbar 'yata tana karatun aikin jinya, a lokacin tana gida hutu. Na zayyana mata abin da na tuna, randa da gemu da jar hula da farin tsuntsu, na ce ta nemo. Ta ce ko sunansa ban sani ba, na ce ai da na sani da ban sa ta ba. Kwana uku tana fama da waya, a na huɗu ta miƙo mini hoto. Jar hular na fara gani. Ban san lokacin da na zauna a kan buhu ba.

A nan na yi kuskuren da ba na yi a kasuwa, na tallata kaya ban duba ba. A ranar na buga wa Yaya waya na ce an samo, Juma'a mai zuwa bayan masallaci zan kawo, ya tanadi turminsa. Ya ce to, Allah ya kai mu. Kafin la'asar labari ya zaga Sara. Abokina tela ya kira ni ya ce shi da mutum shida cikin 'yan zauren dā za su zo, kuma kada a kuskura a fara ba shi.

Ranar Talata muka zauna ni da 'yata a ofishin sito don mu gwada a kwamfutarta. Wannan karon akwai rubutun Turanci a ƙasan hoton, tana karantawa tana mayar mini da Hausa. Tun ba a yi nisa ba na fara gyara mata. Ta ce tsohon kakan yaron ne, na ce a'a, ɗan kasuwa ne. Ta ce tsuntsun gargaɗi yake yi wa yaron kada ya hau, na ce zuga shi yake yi. Ta dube ni ta ce ita dai abin da aka rubuta take karantawa. Da aka zo wurin randa, murfi ya ɗagu, farin abu ya fara zuba, sai na nuna da yatsa. Na ce mata to ga garin tuwon nan.

"Abba, wane garin tuwo? Ƙanƙara ce fa. Sanyi tsohon ya kulle a randa don kada ya kashe mutane. Waɗannan gudu suke yi su ɓuya."

Na sake dubawa. Ƙanƙara ce, babu ko tantama. Ga tururi na fita daga bakin mutane, ga su suna rawar ɗari, abin da Yaya ya ce mana rawar murna ce. Kuma hoton bai ɗauke ba. Ta nuna mini layin da ke tafiya a ƙasa, ko rabi ba a kai ba.

Na zauna na kalli sauran. Kogin nan mai magana ya daskare ya yi shiru. Dabbobi suka kwanta. Mutanen ƙauye suka kori yaron. Ya yi ta yawo lungu-lungu yana tattara sanyin da ya saki a cikin jar hularsa, tsuntsun na kai shi, har fukafukan tsuntsun suka ƙage ya kasa tashi, yaron ya goya shi. A ƙarshe ya hau dutsen da ƙafa, ya durƙusa a gaban kakansa, suka mayar da murfin su biyu. Tsohon bai ce masa komai ba, sandar gadi kawai ya miƙa masa. Fim ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Amma ba shi ne wanda na sani ba.

Yarintata ba ta dame ni ba, wannan ta wuce. Juma'a ce ta dame ni. Na tambayi 'yata ko za ta iya yanke fim ɗin daidai inda na Yaya yake ƙarewa, ta kuma cire rubutun. Ta ce wannan ba aiki ba ne, amma ba zai yi maganin komai ba. Jikokin Baffa, wato Yaya, in ji ta, babu wanda bai taɓa ganin ƙanƙara a waya ba. Yana cewa garin tuwo za su fashe da dariya, shi kuma ba zai san fassarar suke yi wa dariya ko bakinsa ba. Gaskiya ta faɗa. Na ce to a fasa, in ce ba a samu ba. Ta ce ai na riga na ce an samu, idan na fasa yanzu cewa zai yi don bakinsa ne.

Sannan ta ƙara da abin da na san za ta ƙara, don halina ta ɗauko. "Abba, kai da kake cewa buhu mai yashi ba ya kwana a sitonka. Ko na Baffa daban ne?"

Na ce mata na Baffa daban ne, na kuma ce ta rufe mini baki. Amma maganar ta zauna.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki mota ni kaɗai na tafi Sara. Duk hanya ina juya yadda zan faɗa. Mutumin nan shi ya kai ni makaranta, shi ya nema mini aure, shi ya tsaya a kan gawar Inna. Shekara arba'in mutanen Sara suna cewa yana jin yaren jirgin ruwa, har gobe idan maganin feshi ya zo da rubutun da ba a gane ba wurinsa ake kaiwa. A kasuwa da tuni na faɗa na wuce. A nan kuwa abin da ya rage wa mutum kaɗan ne, kuma ni ne zan taɓa shi.

Na same shi a zaure. An share, an fitar da tarkace, ga turmi a kife a gefe. Shi ya sa aka yi. Ganin turmin nan ya kusa sa ni in haɗiye maganar. Muka gaisa, na tambayi jiki, matarsa ta kawo fura ta koma ciki. Ban iya kwana-kwana ba, sai kawai na ce masa na kalli fim ɗin har ƙarshe da fassarar masu shi, kuma farin abin nan ƙanƙara ce.

Ya dube ni. Sai gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

"Sai yanzu ka sani? Kai da ake cewa ba a cutarka a kasuwa."

Na ce ashe ya sani. Ya ce yaya za a yi bai sani ba, shi da ya yi shekara huɗu yana sauke kifi daga ɗakin sanyin jirgi har tafin hannunsa na tsagewa. Yaren kuwa, ya ce kalma biyu ya iya a ciki, ɗaya ta a ɗauki kaya, ɗaya zagi. Sauran duk fuskokinsu yake karantawa. Na tambaye shi ruwan gishirin da ya ci kaset. Ya ce babu abin da ya ci kaset, babban yatsan ƙafarsa ne. Wayar da ta haɗa injin da talabijin ta gefen turmi ta bi, ana zuwa wurin sai ya taka ta ta fita.

Ya ba ni labarin a hankali, yana tsayawa yana goge baki. Ranar farko da ya sa wa yara bai shirya komai ba, yana bin hoto ne kawai. Da farin abu ya fara zuba, wani yaro a gaba ya tambaya ko garin tuwo ne, kafin ya amsa zaure ya ɗauka. Ya ce ya dubi fuskokinmu, kuma ya san abin da muka ci a ranar don shi ya auno. Sai ya ce e, garin tuwo ne. Yana faɗa ya tuna abin da ke gaba, kogi na daskarewa, dabbobi na mutuwa, sai ya taka waya. Tsohon ma a ranar ba ɗan kasuwa ba ne, sai a kallo na biyu ya gyara labarin tun daga farko don ya dace. Na tambayi wane yaro ne, ya ce wa kuwa in ba mai buɗe bakin nan ba, tela.

Na ce tausayi ne ke nan. Ya ce kada in mayar da shi waliyyi.

"Rabi tausayi, rabi kasuwa. Wa zai kawo gyaɗarsa ya kalli wahala, alhali ita ya baro a gida? Kuma man janareta rabi nake ƙonawa."

Na yi dariya, don wannan dabarar na gane ta. Sannan na gaya masa abin da 'yata ta faɗa game da jikoki, ban rage komai ba. Na ce zaɓi nasa ne, ko a fasa ni in ɗauki laifin, ko 'yata ta karanta fassarar shi ya zauna a kujera a matsayin babba. Ya ce babu ɗaya. Sauran rabin nan, in ji shi, ya kalle shi shi kaɗai ya fi sau goma bayan mun watse, kuma shekara arba'in yana riƙe da fassararsa bai sami wanda zai ba ba. A cire rubutun Turancin, a bar fim ya tafi har ƙarshe. Na ce idan yara suka yi dariyar bakinsa fa? Ya ce katun ne, dama dariya aka zo yi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci zaure ya cika. Babbar talabijin ɗin gidana na kawo, da batirin sola, ba hayaƙi ba ƙara. Duk da haka Yaya ya sa aka toshe taga da buhu. Jikoki da yaran maƙwabta a gaba, mu masu furfura a baya a kan benci, mata suna leƙe ta ƙofar cikin gida, 'yata a tsakiyarsu. Aka sa matashin kai a kan turmi, aka zaunar da Yaya, aka ba shi kara.

Farkon ya yi nauyi. Maganar tana makara, hoto ya wuce kafin ya kai ƙarshen zance, yara suna kallon juna. Ni kaina na fara nadamar abin da na haɗa. Sai tsuntsu ya fito, Yaya ya yi muryar nan ta hanci, karkacewar bakin kuma ta ƙara mata wani abu. Yara suka kwashe da dariya. Na dubi Yaya in ga yadda zai ɗauka. Ya sake yi, ya ƙara ja. Daga nan ya sami hanya, ya daina bin kowace magana, ya bar hoto ya yi nasa, shi kuma ya jefa tasa inda ta dace. Tsohon a wannan karon kaka ne, amma kaka mai rowa wanda ko ɓarin goro ba ya bayarwa. Wannan bai iya rabuwa da shi ba.

Aka zo randa. Murfi ya ɗagu, fari ya fara zuba. Wata jikarsa 'yar shekara bakwai ta ce ƙanƙara ce, ta taɓa gani. Yaya ya ce ta yi daidai, sanyi ne yaron ya saki.

Daga kan benci tela ya ce, "Wace irin ƙanƙara? Garin tuwo ne."

Yaran suka juyo suna kallonsa. Yaya ya nuna shi da kara.

"Kun gan shi nan, shi ya fara faɗa, shekara arba'in ke nan bai rufe baki ba. A zamaninsu garin tuwo ne, don ba su ci ba. Ku kun ci shinkafa kafin ku zo, taku ƙanƙara ce. Malam, yi shiru ka ga sauran, yau ba a taka waya."

Tela bai gane maganar waya ba, sai daga baya na yi masa bayani. Ya kalli sauran ya yi tagumi, mu ma haka. Lokacin da yaron ya goya tsuntsu yana hawan dutse Yaya ya sauke karansa, zauren ma babu mai motsi. Da aka mayar da murfi sai ya sa wa tsohon magana a baki, duk da a fim ɗin bai yi ba. Ya ce wa jikan nasa ya zauna ya ci tuwo tukuna, faɗa sai gobe. 'Yata ta ce mini daga baya wannan ya fi na masu fim ɗin, amma ba za ta faɗa a gaban Baffa ba kada kansa ya ƙara girma.

Da aka watse tela ya tsaya a ƙofa yana sa takalmi, ya ce shi dai an cuce shi, na dā ya fi daɗi. Yaya ya ce in ya so ya zo ya karɓi gyaɗarsa. Tela ya ce gwangwani goma sha wani abu ne, ba ɗaya ba. Suka yi ta yi har waje, kuma a haka, ana cikin musu, na ga Yaya ya dogara sandarsa ya bi su har gindin dalbejiya. Ni kuwa na shiga naɗe wayoyi.

Talabijin ɗin a can na bar ta. Yanzu duk Juma'a akwai kallo a zauren, 'yata ke tura musu katun iri-iri, bisa sharaɗin da Yaya ya kafa, a cire rubutu, kuma kada ya zama da yaren da wani ke ji. Bakin bai miƙe ba, likita ya ce ba lallai ne ya miƙe ba. Masu maganin feshi ma ba su daina kai masa kwali ba.

Bana shamuwa ta sauka da wuri a kan kukar bayan sito. Na tsaya ina kallonta, na san yanzu tsohon ba ɗan kasuwa ba ne, kuma babu wanda baƙin ciki ya kashe a gindin randa. Maƙwabcina a layin sito ya ce in yi haƙuri ko sati uku, dawa za ta tashi. Maganarsa daidai ce, ni ma na ga alamar. Washegari na sa aka buɗe.